An ɗora ka kan sashen lambuna da filayen wasa a Gombe? Ga yadda ake riƙe shi

To ranka ya daɗe, takarda ta fito, an ce kai ne sabon darakta mai kula da lambuna da filayen wasa da wuraren shaƙatawa na gari. 'Yan'uwa sun yi ta kira ana Allah ya taya riƙo, wasu a ofis kuma a bayan idonka suna cewa ai an jefa ka inda babu maiƙo. Ƙyale su. Ko kujerar taka a ƙarƙashin ma'aikatar muhalli take, ko hukumar tsara birni, ko sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, aikin dai kusan ɗaya ne. In kuma mace ce aka ba, Hajiya a yi haƙuri da "kai" ɗin da zan yi ta faɗa, maganar har da ke.

Abin da nake so ya zauna maka tun yanzu shi ne aikin nan riƙo ne. Sabon lambu kowa zai iya ginawa in an saki kuɗi, ɗan kwangila ne zai yi, a zo a yanka zare a tafa a watse. Inda ake gane darakta shi ne bayan shekara uku a dawo a tarar da ruwa a famfon banɗaki, lilo bai tsinke ba, bishiyoyin da aka dasa suna raye, filin kuma bai ragu da ko taku ɗaya ba.

Fili tukuna, kafin komai

Makon farko kar ka zauna kana karɓar gaisuwa. Nemi wanda ya fi kowa daɗewa a sashen, yawanci wani dattijo ne mai kula da wurin renon dashe ko tsohon direba, ka ce Baba zo mu fita, ku zaga duk abin da aka ce naku ne, lambu, shataletale, tsakiyar titi mai hannu biyu, filin ƙwallon unguwa, tun daga Pantami, Bolari, Jekadafari, Herwagana, Tudun Wada har ku ɓulla Tumfure. Kowane wuri ka rubuta a littafi: girmansa, me ke cikinsa, su wa ke amfani da shi yanzu, akwai ruwa ko babu, akwai katanga ko babu, uwa uba kuma, akwai takarda? Ka ɗauki hoto da wayarka ta kowace kusurwa, ka sa alamar wurin a taswirar Google. Wannan littafin shi ne ofishinka na gaskiya.

Za ka tarar da filaye da dama waɗanda kowa a unguwa ya san "na gwamnati ne" amma in ka ce a kawo fayil sai a fara kallon juna. A tsohon zanen unguwa an ware wurin don jama'a, yau bakanike ya kafa rumfa a gefe, gobe mai buga bulo ya sauke yashi, jibi sai ka ga an ja igiya ana tonon fandisho, in ka yi magana a ce ai shekara goma muna nan ba wanda ya ce mana kanzil. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar nan kuwa rashin takarda ce.

Ga kuma wani abu da ke ruɗa sababbin daraktoci. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna. Shi kuma kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa lambuna da filayen jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Wato hannu biyu ne a kan abu ɗaya. Ƙari a kan haka garin Gombe ya daɗe da fin ƙarfin ƙaramar hukumar Gombe, ya malala cikin Akko da Kwami da Yamaltu/Deba, Tumfure ɗin nan da ake gani kamar tsakiyar gari a Akko take. Saboda haka kafin ka ajiye bulo ɗaya a fili ka san ciyaman ɗin wa za ka gaisar, dagacin wa da mai unguwar wa za ka durƙusa wa.

Abin yi a fili yake. Rubuta wa GOGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye na jiha, ka nemi a auna kowane fili, a kafa turakun iyaka, a fitar da takarda mai cewa wurin nan na shaƙatawar jama'a ne. Kar ka jira a yi duka lokaci ɗaya, fara da waɗanda ka ga an fi zuba wa ido. Bayan takarda sai allo mai ɗauke da sunan hukuma, sai shinge, ko da na waya ne ko jerin bishiya a kan iyaka. Abin da ya fi su duka arha kuma, ka sa mai walda ya yi maka ragar gola biyu ka kafa. Filin da samari ke buga ƙwallo kullum bayan la'asar yana da masu gadi ɗari da ba ka biyansu ko sisi.

Ka kuma san cewa wanda zai zo neman filin nan da rana tsaka zai zo, da babbar riga da murmushi, wataƙila ma da 'yar takarda daga sama, zai ce shaguna zai zuba matasa su samu aikin yi, ko gidan mai, wani lokacin ma aikin alheri ne da kai kanka za ka ji kunyar cewa a'a. Kar ka yi musu da shi da baki. Ka ce ranka ya daɗe a rubuto, in an rubuto kai ma ka rubuta shawararka a fayil ɗalla-ɗalla, ka sa hannu da kwanan wata, ka tura sama. Wataƙila a bi ta kanka, hakan na faruwa, amma mutane da yawa suna ja da baya in suka ga sai sun sa hannunsu a ƙarƙashin naka. A Nairobi a 1989 gwamnati da kanta ta so kafa bene mai hawa 60 a lambun Uhuru, Wangari Maathai ta tsaya kai da fata har aka fasa. Ita ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, kai kuwa ba za ka fita zanga-zanga ba, amma abin lura a nan, lambun da jama'a ke shiga suna jin daɗinsa yana samun masu tsaya masa.

Ruwa da bishiya

Nan ne zan daɗe, don nan ne ake asarar kuɗi da suna.

Tun da Gwamna Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da shirin Gombe Goes Green, wanda aka fi sani da 3G, a 2019 da burin dasa bishiya miliyan ɗaya duk shekara, maganar dashe ta shiga bakin kowa a jihar nan, kuma Gombe tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin babbar ganuwar bishiyoyi ta Afirka ya shafa. Wannan alheri ne gare ka, samun dashe ba zai yi maka wuya ba, kuma in ka kai maganar bishiya sama za a saurare ka. Amma kai naka lissafin daban ne. Kar ka riƙa rubuta "mun dasa kaza" a rahoto kana jin daɗi. Ka fita a watan Mayu, bayan zafin Maris da Afrilu da ke kaiwa digiri 40 ya gama gashi, ka ƙirga waɗanda suka rayu. Wannan adadin shi ne naka.

Yi lissafin ruwa kafin ka karɓi dashe. Ƙaramar bishiya a raninta na farko tana son kamar jarka ɗaya ta lita 20 sau biyu a mako, a ƙasa mai yashi ma fiye. In ka dasa 500, lita 20,000 ke nan duk mako, wato tanka biyu mai lita 10,000. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu mako 26 ne, tanka 52 ke nan, je ka tambayi kuɗin tanka ɗaya yau ka ninka. In ka ga ba ka da wannan kuɗin, to dasa 150 ka raya su. Wallahi 150 masu rai a gefen titi sun fi dubu biyu da suka zama tsinke, don na biyun kowa da ya wuce sai ya tuna da kai da mugun alkaba'i.

Duk ɗan Gombe ya san ruwa ba abin wasa ba ne a garin nan. Na famfo daga Dadin Kowa ake turo shi, na sha ne, ba kullum yake isar gidaje ba balle ka ce za ka shayar da ciyawa da shi. Bohol kuma a wasu sassan ruwan yana da nisa ƙwarai, don haka kar ka yarda a haƙa sai masu binciken ƙarƙashin ƙasa sun auna sun rubuta. In an samu, sa masa sola da tankin sama, ka manta da janareta, kuɗin mai ne zai kashe lambun a wata na uku. Faifan solar kuma a ɗaga shi sama a yi masa walda mai kyau, ka san dalili.

Ciyawar nan kore shar irin ta hotunan Turai, ka rage son ta. Ɗan wuri kaɗan inda yara za su zauna ko masu ɗaukar hoton aure za su tsaya ya isa. Abin da mutumin Gombe ke nema a lambu inuwa ce da benci. Dogon yaro yana jure fari kuma yana saurin ba da inuwa. Maɗaci yana da kyau a gefen titi, sai dai masu neman magani za su riƙa saɓule masa ɓawo, in ba a tsare ba sai su kashe shi a tsaye. Tsamiya da marke da kanya suna da jinkiri amma jikokinka za su zauna a ƙarƙashinsu, sa su a cakuɗe da masu saurin girma. Ceɗiya da durumi inuwarsu ba a magana, amma nesa da katanga da sokawe, saiwarsu tana fasa siminti. Turare yana shan ruwa da yawa kuma ba inuwar kirki, ni ba na ba da shawararsa a cikin lambu. Mangwaro kuwa, in ka dasa kusa da wurin wasan yara ko inda ake ajiye motoci, ka shirya sauraron ƙarar jifa.

Lokacin dashe in damina ta zauna ne, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba. Matsalar ita ce sau da yawa kuɗin ba ya fitowa sai Satumba, sai a ruga a dasa don a rufe bauca. Gara ka rubuta cewa lokaci ya wuce, a bar dashen a wurin reno sai baɗi. Rami ƙafa biyu faɗi ƙafa biyu zurfi, a haɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a yage ledar kafin a sa (kar ka yi dariya, ana dasawa da leda), a yi wa gindin ɗan kwano da zai riƙe ruwa, tsakanin manyan bishiyoyi a bar kamar taku takwas zuwa goma. Sannan kariya. Dashe ba keji a cikin gari sadaka ce ga awaki. Na ƙarfe ana sacewa a kai wa 'yan jari bola, don haka a unguwanni da dama na bulo mai ramuka ko na itace da ƙaya ya fi daɗewa. Gara mai cin itace ma tana nan tana jira, musamman in dashen ya sha ƙishi, a riƙa dubawa, busasshiyar ciyawar da za a rufe gindin da ita kuma kar ta taɓa jikin itacen.

Dabarar da ta fi aiki a gefen titi ita ce ka ba kowace bishiya uba. Mai shayi, mai faci, mai shagon da ke gabanta, ka ce Malam wannan taka ce, inuwarta kai za ka fara sha, ga jarka. Ka rubuta sunansa a littafi, ƙarshen rani ka dawo ka gode masa a gaban mutane.

Sai maganar kwari. Zaizayar ƙasa ta ci gidaje ba adadi a garin nan, kuma an kashe maƙudan kuɗi ta shirye-shiryen NEWMAP da ACReSAL wajen gyara manyan kwaruruka irin na wajen Jami'ar Jihar Gombe da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE). Bakin irin waɗannan wuraren in an gama aiki an tafi, in babu mai shi, bola ce ke dawowa, bayanta gini. Je ka zauna da masu aikin tun suna nan, ka nemi a damƙa maka gefen a rubuce, ka shuka jema don ta riƙe ƙasa, ka jera bishiya, ka fitar da 'yar hanyar tafiya da ƙafa. Ka samu dogon lambu ba tare da ka biya diyyar ko ƙafa ɗaya ba. Amma fa wurin wasan yara kar ya kusanci bakin magudana, ruwan Agusta ba ya sallama.

Kuɗi

Shekarar kuɗin gwamnati Janairu zuwa Disamba ce, takardar neman ƙiyasin baɗi kuma tun kafin ƙarshen damina take zagawa, in ka tsaya sai ta iso teburinka sannan ka fara tunani, akawu zai kwafo na bara ya ƙara kaɗan ya miƙa. Shirya naka tun Yuli daga littafin nan naka. Kasafin kashi biyu ne, manyan ayyuka da na yau da kullum, kowa kuma na farkon yake so don shi ke da kwangila da hoto. Kai ka yi faɗanka a kan na biyun: ruwa, tsintsiya, fenti, giris, man injin yanke ciyawa, gyaran famfo, alawus ɗin leburori. Duk sabon aikin da za ka nema, a takardar ka rubuta abin da zai ci duk shekara kafin a riƙe shi. Kuma ka sani, a sa abu a kasafi daban, a saki kuɗin daban, sai ka bi fayil ɗinka da ƙafarka daga tebur zuwa tebur, da ladabi, ba gajiya.

In ka shiga wurin kwamishina ko babban sakatare kar ka je da dogon bayani. Hoto biyu a waya, ga yadda wurin yake ga yadda ya koma, da adadin kuɗin a layi ɗaya.

Kuɗin shiga kuma, tikitin ƙofa, hayar rumfunan masu sayar da abinci, masu biki, masu ɗaukar hoto, duk ya bi ta asusun gwamnati da risit. Kar ka taɓa cewa bari in ciri kaɗan daga na ƙofa in sayi tiyo, niyyarka mai kyau ce amma odita ba niyya yake dubawa ba. Nemi izini a rubuce a riƙa dawo maka da wani kaso don gyara. Ranakun da ba na biki ba kuma ni a ganina a bar shiga kyauta ko a sa abin da ɗan makaranta zai iya biya, a caji lilo mai inji da hayar wuri. Lambun da talaka ba ya iya shiga ba na jama'a ba ne.

'Yan kasuwa za su zo da maganar a ba su haya su gyara su riƙe. Ba laifi ba ne, wani lokacin ma shi ne mafita, amma a Abuja an sha kai ruwa rana da waɗanda aka ba lambu suka cika shi da gini da wuraren shaye-shaye har ba a ganin ganye. Yarjejeniyar ta faɗi shekara nawa, kashi nawa na filin aka yarda a yi gini a kai, ba a sare bishiya sai da izini, ƙarfe nawa ake rufewa, da abin da zai sa a ƙwace. Lauyan ma'aikatar shari'a ya gani kafin kowa ya sa hannu.

Mutanenka

Lambun Central Park na birnin New York ya taɓa lalacewa sosai, ƙungiyar da ta karɓi riƙonsa daga 1980 daga baya ta yanka shi shiyya 49, kowace shiyya da mai lambunta da aka sani da suna. Wannan ba ya buƙatar dala. Maimakon ka ce leburori goma ku je ku share lambu, yanka wurin, ka ce Malam wane daga ƙofa zuwa tankin ruwa naka ne, bishiya kaza, benci kaza. In wuri ya yi kyau an san wa za a yaba, in ya lalace ba a nuna juna.

Ka fito da sassafe lokacin ban ruwa, ba kullum ba amma kar a san ranar da za ka zo. Ka san sunayensu, ka je suna da ta'aziyya. 'Yan wucin gadi su ne ƙashin bayan aikin kuma su ake fara mantawa in kuɗi ya yi wuya, ranar da alawus ɗinsu ya makale ka tashi tsaye kamar albashinka ne. Kayan aiki, baro, shebur, manjagara, adda, almakashin aski, kowanne da lamba da sunan wanda ya karɓa. 'Yan bautar ƙasa da ɗaliban da ke zuwa koyon aiki daga sashen gandun daji ko wasanni kar ka bar su suna danna waya, ba su ƙirgar bishiya da shirya gasar yara.

Abin da ke sa magidanci ya kawo iyalinsa

Banɗaki. Na mata daban na maza daban, ƙofofinsu ba sa kallon juna, da ruwa da buta da mai wankewa da ke zaune a wurin. In banɗaki ya lalace mata sun daina zuwa, in mata suka daina zuwa yara sun daina, daga nan wurin ya zama na waɗanda ba ka so. Wurin alwala da ɗan wurin sallah, kwandon shara a inda ake cin abinci, da yarjejeniya da GOSEPA, hukumar kula da tsaftar muhalli ta jiha, kan ranar kwashewa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce wuraren jama'a su zama masu shiguwa gare su, don haka ƙofa da banɗaki a yi musu gangara da faɗin da keken guragu zai wuce, tun a zane, ba sai an gama a zo ana fasawa ba.

Tsaro kuma haske ne da idon mutane kafin a kai ga bindiga. Fitilun sola a lunguna, a aske shuke-shuken da suka yi duhu har mutum zai iya ɓuya, a rufe a kan lokaci. Garin da ya san zamanin 'yan dabar Kalare ba sai an yi masa dogon bayani kan abin da fili marar mai shi ke zama da dare ba. Gabatar da kanka ga DPO na yankin da 'yan Sibil Difens da 'yan bangan unguwa tun ba abin da ya faru. Samarin da ke zaman banza a wurin kuma, kora kaɗai ba ta aiki, gobe za su dawo su fasa fitila. Ka kira manyansu, ka ba wasu gadin babura, wasu alƙalancin wasa.

Kayan wasan yara a duba su duk mako da hannu, a jijjiga, a ɗaure noti, a sa giris, a duba sarƙar lilo inda take cin ƙarfe. Ƙarƙashinsu yashi mai kauri kamar ƙafa ɗaya, ba siminti ba, gaba da bayan lilo a bar fili kamar ninki biyu na tsayinsa. Abin zamiya na ƙarfe in yana cikin rana a watan Afrilu ƙona yaro zai yi, a sa shi a inuwa. Wanda ya lalace a cire shi ko a ɗaure da sarƙa a ranar, rubuta "ya lalace" a kwali ba ya hana yaro hawa.

Wasanni

Ba kowa ne zai taka leda a filin wasa na Pantami ko ya sa rigar Gombe United ba, naka aikin na sauran ne. Rigimar da za ka fi sasantawa ita ce ta wa ke da fili ƙarfe huɗu. Tara shugabannin kulob-kulob na unguwar, a zana jadawali a manna, a ware wa ƙananan yara lokacinsu don manya kan kore su. Inda ba ku da fili, zauna da sakataren ilimi da hedimasta a yi takarda kan amfani da filin firamare bayan an tashi, ku ku ɗauki shara da gyara. Fili mai mita 40 da 20 ya isa wasan 'yan biyar-biyar.

Kar komai ya ƙare a ƙwallo. Langa, kokawa, dara a ƙarƙashin bishiya don dattawa, tafiyar motsa jiki da safiyar Asabar ga masu hawan jini da ciwon suga da likita ya ce su riƙa tafiya. Mata su samu ranarsu ko sa'o'insu, da ma'aikata mata a ƙofa, ka ga yadda wurin zai cika. Gombe gari ne na Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolawa da Hausawa da sauransu, Musulmi da Kirista, don haka kalandarka ta san azumi da Sallah, ta kuma san Kirsimeti da Ista. Kafin ka fito da sabon abu, musamman mai kiɗa, ka je ka gaida mai unguwa da limamai da fastocin kusa, ka ji ta bakinsu kan lokaci da ƙarar lasifika.

Ranakun Sallah su ne jarrabawarka. Mako biyu kafin nan a gwada kowane inji, a buɗe ƙofar shiga daban ta fita daban, a san adadin da wurin zai ɗauka a tsayar da sayar da tikiti in an kai, ko ana ta roƙo. 'Yan agaji da akwatin magani, wuri ɗaya da lasifika don yaran da suka ɓace, tanka cike da ruwa tun daren jajibere, babura da Keke Napep nesa da bakin ƙofa. Kai kuma ba hutu, kana wurin har a rufe, ka kuma bar masu shara na musamman da za su fito da asuba don washegari jama'ar ta fi ta ranar farko yawa.

Kujerar nan ba a daɗewa a kanta, ana iya tashinka da takarda ɗaya kamar yadda aka kawo ka. Saboda haka tun watan farko ka buɗe fayil ɗin miƙa aiki kana zuba masa abubuwa: kwafin takardar kowane fili da lambar fayil ɗinsa a GOGIS, zurfin kowane bohol da irin famfon da ke ciki da lambar mai gyaransa, yarjejeniyoyin haya da ranar ƙarewarsu, ƙirgar bishiyar watan Mayu ta kowace shekara, bashin da ake bin sashen da wanda sashen ke bi. Kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a rajistara, ɗaya kuma a ɗauka a hoto a ajiye a imel ɗin sashen, don fayil ɗin fili ya fi kowane fayil saurin yin ƙafa.